Soul Makossa: Waƙar Bayan Faifai da Masu Maimaita Ta

"Soul Makossa" waƙa ce ta Manu Dibango, mabushin saksafon ɗan ƙasar Kamaru. Ta fito a shekarar 1972 a bayan wani ƙaramin faifan garmaho da aka buga domin gasar ƙwallon ƙafa. Ba don ta yi tashe aka yi ta ba, gurbi aka cike da ita. Amma kafin ƙarshen 1973 ƙungiyoyin makaɗa fiye da 20 sun sake naɗar ta, ta shiga jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, daga baya kuma amshinta ya ɓulla a waƙoƙin Michael Jackson da Rihanna, har aka je gaban alƙali. A mafi yawan wannan tafiya waƙar ce a gaba, mai ita yana bin sawunta.

An haifi Emmanuel N'Djoké Dibango a Duwala ranar 12 ga Disamba, 1933. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnati ne daga ƙabilar Yabassi, mahaifiyarsa kuwa 'yar ƙabilar Duwala ce, tela ce kuma mai jagorantar mawaƙan coci. A 1949 aka tura shi karatu Faransa da kilo uku na kofi a jaka domin biyan masaukinsa na farko, kuma da wannan kofin ya raɗa wa littafin tarihin rayuwarsa suna bayan shekaru arba'in. A can ya haɗu da Francis Bebey, ɗan garinsu, wanda ya ƙara kwaɗaita masa kiɗan jaz. Ya fara da fiyano kafin ya koma saksafon, wannan abin busa na ƙarfe mai lanƙwasasshen baki. Da ya faɗi jarrabawa a 1956, mahaifinsa ya yanke masa guzuri, sai ya nufi Brussels ya shiga kiɗa a gidajen rawa domin neman na abinci.

A Brussels ne Joseph Kabasele, wanda aka fi sani da Grand Kallé, ya ɗauke shi cikin ƙungiyarsa ta African Jazz a 1960, shekarar da Kongo ta sami 'yancin kai. Ya bi su zuwa Leopoldville, wato Kinshasa ta yau, ya zauna can yana kiɗa yana kula da gidan rawa. Ya gwada irin wannan sana'a a Kamaru abin bai yi albarka ba, sai ya koma Paris a tsakiyar shekarun 1960 yana yi wa mawaƙan Faransa irin su Nino Ferrer kiɗa. Kafin ya kai ga waƙar da ta fito da shi duniya, ya shafe fiye da shekaru 15 yana busa a bayan wasu, kuma kunnensa ya ƙoshi da jaz da rumbar Kongo da kiɗan baƙaƙen Amurka.

Wannan kiɗa na baƙaƙen Amurka, wanda ake kira sol, ya samo asali ne daga waƙoƙin coci da aka sauya musu jigo zuwa soyayya da halin rayuwa. Ray Charles da Sam Cooke na cikin waɗanda suka share masa fage, kamfanonin Atlantic da Stax da Motown suka yaɗa shi, James Brown kuma ya ƙara masa kaifin ganga. A ƙarshen shekarun 1960 biranen Afirka ta Yamma sun kamu da shi sosai. Geraldo Pino, ɗan Saliyo, ya zo Legas da ƙungiyarsa yana maimaita waƙoƙin James Brown, har Fela Kuti ya sha faɗin yadda wannan mutumin ya ƙwace musu 'yan kallo. James Brown da kansa ya zo Nijeriya a Disamban 1970, kuma ranar 6 ga Maris, 1971 aka yi gagarumin wasan Soul to Soul a Accra, inda Wilson Pickett da Ike da Tina Turner suka hau dandamali. A wancan zamani kaya daga Amurka suke zuwa, makaɗan Afirka suna kwaikwayo. Makosa kuwa kiɗan rawa ne na mutanen Duwala, wanda irin su Eboa Lotin suka yi suna da shi. Bai kamata a rikita shi da abin da 'yan Nijeriya suka riƙa kira makosa a wajejen shekarar 2000 ba, zamanin tashen Awilo Longomba, domin wancan kiɗan Kongo ne.

Kamaru ce ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin ƙasashen Afirka karo na 8, daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris na 1972, a zamanin Shugaba Ahmadu Ahidjo. An gina sababbin filayen wasa a Yawunde da Duwala domin gasar. Dibango ya nemi hukumomin wasanni su ɗauki nauyin waƙar da za ta zama taken gasar, suka amince. Ƙaramin faifai na wancan lokaci, mai juyi 45 a minti ɗaya, fuska biyu gare shi, kowace tana ɗaukar waƙa guda. Taken gasar ya hau fuskar farko. Ta biyun na buƙatar wani abu, sai ya haɗa "Soul Makossa". Kamfanin Fiesta na Faransa ne ya fitar da faifan. A wasan kusa da na ƙarshe Kongo Brazzaville ta ci Kamaru 1 da nema, sannan ta doke Mali 3 da 2 ta ɗauki kofin. Masu gida sun ƙare a matsayi na uku, kuma babu mai marmarin sauraren taken gasar da aka sha kashi a cikinta.

Ginin waƙar ba shi da sarƙaƙiya, kuma a nan ƙarfinta yake. Ganga da jitar bes suna maimaita zubi ɗaya daga farko har ƙarshe, jita tana tsinkar sauti a kai a kai, saksafon yana shigowa da ɗan gajeren kari yana fita. Dibango ba rera waƙa yake yi ba, magana yake da murya mai kauri, cikin harshen Duwala, yana kakkarya sunan rawar gaɓa-gaɓa kamar mai in'ina, 'yan amshi suna karɓa. Ya ba da labarin cewa mahaifinsa da ya ji shi yana gwaji a gida ya yi mamakin yadda ɗan da aka kashe wa kuɗin karatu a Turai ya kasa furta kalma ɗaya daidai. Masu kishin makosa na gargajiya ma ba su ɗauke ta a matsayin makosa ta ainihi ba, kuma da gaskiyarsu: gangar ta fi kusa da ta James Brown. Sai dai wannan amshi ba ya buƙatar jin wani harshe. Duk wanda ya ji shi sau biyu zai iya maimaitawa, ko a Duwala yake ko a Brooklyn.

Wajen ƙarshen 1972 wani mai shirya taron rawa a New York, David Mancuso, ya tsinci faifan a wani shagon mutanen yankin Karibiyan da ke Brooklyn. Mancuso yana tara jama'a a gidansa da ke titin Broadway, wurin da aka sani da The Loft, kuma masu sa faifai a sauran gidajen rawa sukan zo su ji abin da ya samo. Suka bazama suka saye 'yan kwafin da ke garin. Daga nan waƙar ta kai kunnen Frankie Crocker na gidan rediyon WBLS, wanda baƙaƙen New York suka fi saurare, ya dinga sa ta ba ƙaƙƙautawa. Mutane suka yi ta zuwa shaguna neman faifan da babu shi, na wani mawaƙi da ba su san ko daga ina yake ba. Masu rubuta tarihin disko suna yawan kafa hujja da wannan lamari, domin yana cikin karon farko da waƙa ta taso daga filin rawa ta tilasta wa rediyo da kamfanoni bin ta, maimakon rediyo ya koya wa masu rawa abin da za su so.

Wannan giɓi tsakanin masu nema da kayan da babu shi ne ya haifi tarin maimaicin. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1909 ta tanadi cewa da zarar an fitar da waƙa a faifai, kowa na iya naɗar tasa ba tare da neman yardar mai ita ba, muddin zai biya ƙayyadadden kuɗi, wanda ya tsaya a santi 2 kan kowane kwafi har zuwa 1977. Ƙananan kamfanoni suka tara makaɗan haya, a shiga situdiyo da safe a fito da faifai cikin 'yan kwanaki. Da yawansu sunayen da ke ƙamshin Afirka suka laƙaba wa ƙungiyoyin, irin su Nairobi Afro Band da Simon Kenyatta Troupe, don mai saye ya ɗauka ta asalin ce. Wadda ta fi cin kasuwa a cikinsu ita ce ta ƙungiyar Afrique, ƙwararrun makaɗan situdiyo ne na Amurka da suka haɗa da David T. Walker a jita da Chuck Rainey a bes, ƙarƙashin kamfanin Mainstream. Tasu ta kai lamba 47 a jadawalin Billboard.

Ba duka ne 'yan ci da rabo ba. Babatunde Olatunji, makaɗin ganga ɗan Nijeriya daga Ajido kusa da Badagry, wanda ya daɗe a Amurka kuma faifansa "Drums of Passion" ya riga ya yi suna, ya fitar da kundi mai suna "Soul Makossa" a 1973, ya cika waƙar da gangunan gida. Lafayette Afro Rock Band kuwa Amurkawa ne da suka yi ƙaura zuwa Paris suna kiɗa a unguwannin baƙi 'yan Afirka. Su ma sun sa wa kundinsu na wannan lokaci sunan waƙar. Abin mamaki, wata waƙar dabam da ke cikin kundin, "Hihache", ita ce ta fi daɗewa, domin masu hip-hop sun yi ta yankar gangar farkonta suna gina nasu a kai.

Ga mai sauraro a ƙasar Hausa, maimaita waƙar wani ba baƙon abu ba ne, amma ƙa'idar ta bambanta. A gidan makaɗan fada, waƙa gado ce. Aliyu Ɗandawo, mutumin Shuni ta ƙasar Sakkwato, ya ƙare rayuwarsa a Yawuri yana yi wa sarauta kiɗa, ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo ya gaje shi a wannan gari, kuma babu wanda zai ce ɗa ya yi sata don ya ɗora a kan karin mahaifinsa. Yaran makaɗi da 'yan amshinsa su ne ma'ajiyar waƙoƙinsa. Ladan makaɗi kuma daga hannun ubangida yake fitowa, riga ko doki ko kuɗi, daga baya mota da kujerar Makka, ba daga yawan kwafin da aka sayar ba. Waƙar ma sau da yawa da sunan wanda aka yi wa ake kiranta. Abin da ke kare mai waƙa shi ne sanin jama'a: kowa ya san ta wane ce, shi ya sa ake cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Waƙoƙin masunta da na matuƙa jirgin ruwa a gaɓar tafkin Kainji, daga Yelwa zuwa ƙasar Ngaski, da na noma da daka a ƙauyukan Shanga, su kuma na kowa ne, ba a tambayar wanda ya fara su. Dokar Nijeriya ta ware irin waɗannan a matsayin kayan gargajiya, ta ɗora kula da su a kan Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa. Matsalar Dibango a New York ita ce wancan sanin na jama'a babu shi. Mai sayen faifan Afrique bai san akwai wani Manu ba, balle ya ce tasa ta fi daɗi.

Kamfanin Atlantic ne ya rufe giɓin. Ya sayi izinin buga ta asalin daga Fiesta, ya fitar da ita a Amurka a 1973, ta kai lamba 35 a jadawalin waƙoƙi 100 na Billboard, ta wuce duk masu kwaikwayonta. Ba ita ce waƙar ɗan Afirka ta farko da ta hau wannan jadawali ba: "Pata Pata" ta Miriam Makeba ta yi haka a 1967, "Grazing in the Grass" ta Hugh Masekela ta kai lamba 1 a 1968. Amma waɗannan biyun a Amurka suke zaune lokacin, a can suka naɗa. Ta Dibango daga waje ta shigo, ba talla, ba wakili. An gayyace shi ya yi wasa a zauren Apollo da ke Harlem, aka sa sunansa cikin 'yan takarar kyautar Grammy ta 1974. Makaɗan salsa na Fania All-Stars suka jawo shi jikinsu, kuma kundinsu "Latin-Soul-Rock" na 1974 yana ɗauke da waƙar, shi da kansa yana busa a ciki. A Satumban wannan shekara yana Kinshasa lokacin bikin kiɗan da aka shirya gabanin damben Muhammad Ali da George Foreman, inda James Brown ya kasance babban baƙo.

Babi na biyu na tarihin waƙar ba na maimaici ba ne, na gutsura ne, kuma nan ne doka ta fi tsauri. Wanda ya maimaita waƙa sukutum yakan rubuta sunan mai ita a faifai, kuɗin mawallafi ya tafi inda ya dace. Wanda ya gutsuri yanki ya dasa cikin tasa, ya sa sunansa shi kaɗai, ya mayar da kayan wani nasa. Ranar 30 ga Nuwamba, 1982 Michael Jackson ya fitar da "Thriller", wanda Quincy Jones ya tsara, kundin da ya fi kowane kasuwa a tarihin faifai. Waƙar da ta buɗe shi, "Wanna Be Startin' Somethin'", tana ƙarewa da amshi da tafi, kuma amshin na Dibango ne da ɗan sauyin gaɓoɓi. Ba a nemi izininsa ba, ba a ambaci sunansa ba. Ya ce labarin ya iske shi ne ta bakin masu taya shi murnar yin aiki da Jackson. Ya shigar da ƙara, aka sasanta a wajen kotu a 1986. An ruwaito cewa faran miliyan ɗaya na Faransa aka biya shi, ya janye neman wani abu a kan waƙar Jackson nan gaba. In aka dubi abin da "Thriller" ya ci gaba da tarawa, cinikin bai yi wa Dibango kyau ba.

Ba shi kaɗai ne ɗan Kamaru da ya gamu da irin wannan ba. André-Marie Tala, makahon mawaƙi, ya yi shari'a da James Brown a kan waƙarsa "Hot Koki", wadda ya ce an juya ta zuwa "Hustle" a 1975, kuma ya yi nasara. A 2010 ma amshin "Waka Waka" ta Shakira, taken gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu, daga "Zangalewa" ta ƙungiyar Golden Sounds ta 1986 aka ɗauko shi, sai da surutu ya yi yawa aka daidaita da su.

A 2007 Rihanna ta fitar da "Don't Stop the Music" a kundinta "Good Girl Gone Bad", wadda 'yan Norway biyu da ake kira Stargate suka tsara. Sun yanko amshin daga waƙar Jackson, suka nemi izini daga ɓangarensa, aka ba su, ba wanda ya tuntuɓi Dibango. A Fabrairun 2009 ya kai ƙara wata kotu a Paris yana neman diyyar yuro 500,000, lauyoyinsa kuma suka nemi a hana kamfanonin Sony BMG da EMI da Warner taɓa kuɗin waƙar har a gama shari'a. Kotu ta ƙi karɓar ƙarar. Dalilinta shi ne, shekara guda kafin nan wani alƙali ya riga ya umarci kamfanin Universal ya rubuta sunan Dibango a jikin kwafin waƙar Rihanna da za a ƙara bugawa a Faransa, shi kuma a lokacin ya janye sauran da'awarsa. Jackson ya rasu a watan Yunin 2009. Kafin nan da bayan nan amshin da busar sun ci gaba da yawo a hip-hop: Jay-Z ya yi amfani da kiɗan a "Face Off" a 1997, Kanye West ya ɗauki amshin a "Lost in the World" a 2010.

Dibango da kansa yana cikin manyan masu maimaita waƙar. Bayan ya jagoranci makaɗan gidan talabijin na Kodebuwa a Abijan a rabin ƙarshe na shekarun 1970, ya je Jamaika ya yi aiki da Sly Dunbar da Robbie Shakespeare, inda aka sami "Reggae Makossa". A 1994 ya fitar da "Wakafrika", kundin da ya tara fitattun waƙoƙin nahiyar ya sake musu tufafi, da baƙi irin su King Sunny Adé da Salif Keita da Angélique Kidjo da Papa Wemba. A ciki Youssou N'Dour ne ya rera "Soul Makossa". A 2011 ya sake sabunta ta tare da Wayne Beckford da sunan "Soul Makossa 2.0". Kunne ya fi komawa ga ta 1972, domin sababbin sun cika ƙawa, alhali abin da ya ɗaga ta farkon shi ne ƙarancin kayan da ke cikinta.

Hukumar UNESCO ta naɗa shi jakadan zaman lafiya ta fuskar fasaha a 2004. Ya ci gaba da hawa dandamali har ya haura shekara 85. Ya rasu a Faransa ranar 24 ga Maris, 2020, yana da shekara 86, cikin fitattun mutanen farko da cutar korona ta kashe. A dokar Faransa haƙƙin mawallafi yana ɗorewa shekaru 70 bayan shekarar rasuwarsa, don haka haƙƙin "Soul Makossa" zai ci gaba da aiki har ƙarshen 2090.